Jabbar Kakana da Ba a Haifa Ba

Shagon ɗinki, bayan tashar Terminus,
Jos.
Laraba, 12 ga Yuli, 1978.

Zuwa ga Kubra 'yar Malam, farin wata mai leƙowa ta tsakanin duwatsun Shere, ruwan fari mai tayar da ƙamshin ƙasa, hantsin damina wanda mutanen Jos ke fitowa su shanya bayansu a cikinsa bayan kwana uku ana yayyafi. Zuwa ga sanyin idona, kuma zafin kunnena, malamar aji uku wadda Allah Ya hore wa karatun Turanci fiye da yadda ya amfane ni.

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, wadda ta fi dankalin da ake saukewa a Terminus ranar da motocin ƙauye suka shigo, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da dukkan mutanen gida. Idan kin tambayi tawa lafiyar, wadda na san ba ki tambaya ba, to ga ta nan dai. Yau kwana goma ke nan rabon da ki ce mini ko kanzil. Kwana goma, Kubra! A cikinsu na ɗinka wa wani direba aljihu a bayan riga, na yi wa wani dattijo wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, na soke yatsana da allura har ya koma kamar rariya. Ranar Litinin kin wuce ta gaban shagona, kin karkato lemarki ta ɓangarena, alhali ruwan ta ɗaya ɓangaren yake bugowa. Kin gwammace ki jiƙe da ki gan ni. Wace irin zuciya ce wannan, ya ke mai taushin murya? Ko dutsen da ake fasawa a hanyar Bukuru, in an dage, yana tsagewa.

Amma ban zo in kai ƙararki ba. Wanda ya haƙa rami da hannunsa, ya faɗa da ƙafarsa, ba ya zagin dare. Na zo in ba ki labarin yadda na haƙa shi ne, da abin da ya faru jiya, wanda ba na jin an gaya miki duka.

Kin tuna ranar da kika fara tsayawa a bakin shagon nan, bara war haka? Kin kawo koriyar atamfa mai zanen 'yan tsuntsaye, da tsohuwar rigarki don in ɗauki awo a jikinta. Ba ki ɗago kai ba, amma ni tun daga ranar ban sake saita zare a allura da bugu ɗaya ba. Daga nan na fara zuwa Kwararafa da yamma, in tsaya nesa da zaurenku kamar mai jiran mota. Da kika fara fitowa muna gaisawa, sai wani tsoro ya maye gurbin na farko, wato tsoron mahaifinki. Malam Ibrahim muƙaddami! Mutumin da littattafai suka kai rufin ɗakinsa, wanda in ya fara lissafa malamansa da malaman malamansa sai shayi ya huce. Na san ranar da zan aika manya, tambayar farko ita ce: ɗan wane ne? Ni kuwa wannan tambaya ta fi ƙarfin almakashina.

Shi ya sa na ce bari in kai ki gidan tarihin nan na ɗariƙu da Alhaji Jika ya buɗe a Titin Bauchi, cikin tsohon gidan wani Baturen kuza. Kin san dattijon ya ga gari ya cika da muhawara a kan ɗariƙu a bana, wasu samari har suna fitar da kayan kakanninsu suna jefarwa, sai ya bi gida-gida yana roƙo a ba shi ya adana. Na ce a raina, ga inda 'yar muƙaddami za ta ga cewa tela ma ya san wani abu. Wallahi iyakar niyyata ke nan da na fito daga gida. Sauran duk a can ya same ni.

Ranar Lahadin nan da muka je, ina ma a ce an yanke ta daga cikin kwanaki kamar yadda nake yanke gefen yadi! Gari ya yi luf, gajimare ya sauko har yana shafar kan itatuwa. Kin fito da farin mayafi, Gwaggo Tabawa, ƙanwar Malam, tana biye da ke a matsayin 'yar rakiya, tana ƙorafin gwiwa. Na tare mana tasi, na zauna gaba ina gyara hula kamar ni na sayi motar. Da muka isa, Livinus mai gadin ƙofa ya washe baki ya ce, "Oga Gwadabe, wandona ya gama? Matana ya ce in tambaye ka." Mai hankali da ya ji wannan ya san an san shi a gidan, ya kama bakinsa. Ni sai na ɗaga masa hannu kamar wani gwamna, na wuce.

Ba zan yi ƙarya ba, ko da yake kina da damar yin dariya a kan wannan magana: gidan nan ya yi kyau, ke kuma kin fi shi. Na ga yadda kika tsaya gaban carbin nan mai ƙwaya dubu, wanda yatsun bayin Allah suka goge shi har yana sheƙi kamar an shafa masa man shanu. Na ga yadda kika sunkuya kan allunan zayyana, ja da rawaya da kore suna haskawa a idonki. Na ga leɓɓanki suna motsi a gaban littafin da wani ya rubuta da hannunsa, ganye bayan ganye, tawada ta koma launin ƙasa, gafakarsa ta fata a ajiye gefe. Da muka zo kan bandiran da aka jera cikin akwatin gilashi, kika ce a hankali, "Allah sarki, an rufe musu baki." Kubra, a nan zuciyata ta buga abin da bandiran suka kasa bugawa. Sai na ji ina so ni ma ki dube ni da irin wannan ido, idon da kike duban abin da yake da asali.

Shaiɗan bai taɓa samun ƙofa a buɗe kamar wannan ba.

A ɗaki na ƙarshe, ga ta nan a rataye ita kaɗai: jabba mai maho bisa maho, fari a kan baƙi, shuɗi a kan toka, irin ta masu gudun duniya. Gwaggo ta tambaye ni ko ta waye. Da na ce ban sani ba, da yanzu muna maganar ranar kai kuɗin gaisuwa. Amma bakina ya buɗe da kansa, na ji ya ce, "Ta kakana ce." Da na ga kin juyo, sai na ƙara itace a wuta. Na raɗa masa suna Shehu Mai Jabba. Na taso shi daga Gabas a ƙafa. Na hana shi nama shekara arba'in. Na sa ruwan sama ya riƙa kauce masa, na sa kuraye suna yi masa rakiya har bakin gari su koma. Kowane maho na ba shi tarihinsa: wannan a hanyar Makka aka yi shi, wancan wata tsohuwa ce ta ba shi sadaka. Ban taɓa sanin ina da baki haka ba! Gwaggo ta fashe da kuka, ta shafa gilashin da tafin hannu biyu ta shafe fuskarta, ta shafa gwiwar da ke damunta, sannan ta fita baranda tana salati don ta sha iska.

Muka rage mu biyu. Ina jiran ki dube ni da idon nan. Ke kuwa kika matsa kusa da gilashin, kika ƙura ido kan wani ɗan maho a ƙirjin jabbar, ta hagu, kore ne da ya dusashe, da rabin fiffiken tsuntsu a jikinsa. Kika daɗe. Sannan kika ce, ba tare da kin ɗaga murya ba, "Ashe kakan naka ma a Terminus yake sayen atamfa."

Ƙanƙarar da ke sauka a garin nan ta farfasa tumatir ba ta kai wannan magana nauyi ba. Kafin in haɗiye yawu, kika sunkuya kan ɗan katin da ke ƙasa, wanda ni a zatona ado ne kawai, tunda karatuna na yaƙi da jahilci bai kai Turanci ba. Kika fassara mini shi dalla-dalla, kamar kina koyar da 'yan aji uku: kwaikwayon tufafin masu gudun duniya, wanda Gwadabe Tela na Terminus ya ɗinka a wannan shekara. Ashe Alhaji Jika, mutumin kirki, karrama ni ya yi. Ya sa sunana a gidan tarihi tun ina raye, ni kuma na tsaya a gaban sunan nawa ina ƙaryata shi!

To, ga gaskiyar jabba. Alhaji ya nemi ta asali bai samu ba, ya ce in ɗinka masa kwatankwacinta don masu ziyara su gani, bai ɓoye wa kowa ba. Na tattara ƙyallayen shago, na haɗa, na jiƙa ta cikin ruwan shayi kwana biyu, na shanya ta a kan kwanon rufi har rana da ruwa suka ba ta shekarun da ba ta yi ba. Koren ƙyallen nan naki ne. Ranar da kika tambayi ragowar atamfarki na ce babu, akwai. Shi ya sa hannun rigarki ya ɗan ɗage. Na so in rubuta miki cewa na ɗora shi daidai saitin zuciya ne saboda so, kuma da zai yi daɗin karantawa. Amma na yi alƙawarin ba ƙarya a wannan takarda: wurin ne ya rage da rami, shi ne kuma ƙyallen da ya yi daidai. Abin da kawai zan iya rantsewa a kai shi ne, wata goma yana cikin aljihuna kafin nan, kuma da na ɗinka shi sai da na ji kamar na yi sadaka da abin da nake so.

Kin san abin da ya biyo baya, amma ba ki san yadda yake daga ɓangarena ba. Gwaggo ba ta ji karatun kati ba, ke kuma ba ki tona ni ba. Kafin magariba labarin Shehu Mai Jabba ya zaga Kwararafa, kafin Laraba ya kai Titin Bauchi ya dawo da ƙari: kurayen sun zama zakuna. Mutanen da suke kirana Gwadabe gatsau suka koma cewa Malam Gwadabe. Mahaucin da ke kusa da mu ya fara rusunawa. Wata mata ta kawo jaririnta in yi masa tofi. Gwaggo ta shaida wa duniya gwiwarta ta saki. Ranar Alhamis kuma sai ga aike daga mahaifinki: ƙullin goro, da saƙon cewa in turo manyana, kuma ranar Asabar ta sama, wato wannan mai zuwa, zai ɗebi muridansa su je su ziyarci jabbar.

Kin ga ikon Allah? Duk abin da na shekara ina roƙo ya zo mini a faranti ɗaya: girma, suna, yardar Malam. Abu ɗaya ne kawai babu a ciki, ke. Na zauna da goron nan a gabana kamar wanda aka ba tuwo aka ɗaure masa baki. Me zan yi da auren da amaryar za ta shigo ɗakina tana sane da cewa mijinta ya ari kaka? Da wane ido zan dube ki in yaranmu suka ce mu kai su su ga rigar Shehu? Shirunki ya fi mini bulala ciwo, domin na gane ma'anarsa: kin bar ni da kaina ne ki ga ko akwai mutum a cikin rigar.

Saboda haka bari in gaya miki wanda ya haife ni, abin da ban taɓa yi ba. Sunansa Mati. Daga wani ƙauye a ƙasar Kano aka kwaso su zamanin ɗiban gwamna, aka kawo su haƙar kuza. Wasu sun koma gida, wasu sanyi ya kashe su, shi ya zauna. Shekara ashirin da biyar yana ɗaukar kwanon sarki cike da ƙasa daga cikin rami zuwa sama, ƙafarsa a cikin ruwa, har tari ya kama shi ya tafi da shi ina ɗan shekara goma sha biyar. Bai bar littafi ba, bai bar gona ba. Riga ɗaya gare shi ta fita, kuma shi yake yi mata maho da kansa, da dare ko da rana, da kowane tsumma ya samu. A gefensa na fara riƙe allura. Lokacin da Alhaji Jika ya ce in ɗinka rigar mai gudun duniya, ban taɓa ganin waliyyi ba, Kubra. Rigar babana na tuna na kwaikwaya, har yadda yake karkata ɗinkinsa. Bambancin kawai, shi ba gudun duniya ya yi ba, ita ce ta guje shi. Wannan mutum na ji kunyar ambata a gabanki.

Jiya bayan la'asar na rufe shago, na ɗauki goron yadda aka kawo shi, na tafi zauren Malam. Na jira mutane suka ragu, na durƙusa, na ajiye goron, na zazzage masa komai, tun daga ruwan shayi har zuwa kuraye. Bai katse ni ba, yana ta jan carbinsa. Da na gama na sunkuyar da kai ina jiran a nuna mini ƙofa.

Sai ya ce, "Kai ba ɗan Mati ba ne, na barikin Gangare? Mai tari?"

Na ce, "Ni ne, Allah Ya gafarta Malam."

Ya ce, "Tun ranar da ka fara tsayawa jikin katangata kamar mai jiran mota na sa aka bincika mini kai. Na san ubanka. Ya sha fitowa daga rami da laka har gwiwa ya tsaya kusa da ni a sahu. Ban taɓa jin an ce ya ɗauki ko tsinken wani ba. Goron nan don shi na aika maka. Ziyarar kuwa na shirya ta ne in ga ko za ka zo kafin Asabar."

Kubra, da ƙasa tana da tausayi da ta buɗe. Ashe tun farko ƙofar a buɗe take, ni ne na zagaya ta baya na hau katanga na yage wando! Ashe abin da na ɓoye shi ne kaɗai abin da nake da shi mai daraja! Na yi kuka a zauren nan kamar yaron goye, ba na kuma jin kunyar rubuta miki.

Amma kada ki zaci na tsira. Malam ya ce, "Ka binne uban gaske ka haifo kakan ƙarya a bainar jama'a, to a bainar jama'a za ka gyara." Ziyara tana nan ranar Asabar da hantsi. Ni zan tsaya gaban gilashin, gaban muridai da mahauci da mai jariri da duk wanda ya biyo sahu, in faɗi wanda ya ɗinka jabbar da wanda aka kwaikwaya. Ya turo mini goron ya ce in ɗauka, amma kada in turo kowa tukuna, domin wadda ta karanta kati ita ke da sauran magana. Daga nan na nemi ganin Gwaggo. Ta bayan labule ta amsa mini, ta ce gwiwarta ta dawo da ciwo tun da ta ji labari, kuma alhakin yana wuyana.

To ga ni a hannunki, ya ke inuwar giginya da nake hange, ya ke ruwan dutse mai sanyi, ya ke tauraruwar da ba ta iya lallashi ba. Ba na roƙon ki yafe mini yau. Roƙona ɗaya ne: ki zo ranar Asabar. Ki tsaya a baya cikin mata, ko a baranda, ko ma a tsallaken titi da lemarki a karkace. Kin ga ranar da na yi tsawo da ƙarya. Ashe bai kamata ki ga ranar da zan gajarta da gaskiya ba? In muryata ta sarƙe, in hango farin mayafinki in ƙarasa. In jama'a suka yi dariya, kuma za su yi, in san akwai mutum ɗaya a cikinsu da ta riga su.

Zan iya cika miki sauran takardar nan da rantsuwa, cewa tafkunan kuza za su ƙafe kafin sona ya ƙafe, cewa duwatsun garin nan za su narke kafin in dubi wata. Haka yake a zuciyata. Amma wa ya taɓa gaskata alƙawarin tela? Mu ne masu cewa ka dawo gobe. Don haka kada ki karɓi maganata, ki gwada ni kamar yadda ake gwada yadi: ki ja, ki wanke, ki shanya, ki ga ko zan zuba. Ki ɗauki wata guda, ki ɗauki shekara. Shagona ba ya tafiya ko'ina, ni ma haka. Ba ni da kaka mai karama da zan kawo miki. Ina da keken ɗinki, da hannu biyu, da sunan wani bawan Allah wanda daga yau duk wanda ya tambaye ni ɗan wane ne, zan faɗe shi da ƙarfi har na bayan layi ya ji.

Naki ne, ko kin amsa ko kin yi shiru, har ranar da wani tela zai ɗinka mini rigar da ba a yi mata aljihu,

Gwadabe Tela,
ɗan Mati lebura,
jikan wani manomi da ban ma san sunansa ba.